Daga Kwalbar Turaren Yayata Zuwa Digiri na Biyu: Darasi Kan Dokar Tambari da Zanen Kaya

Ni ba ɗalibin shari'a ba ne, difloma nake kammalawa a sashen nazarin kasuwanci. Da a ce shekara biyu baya wani ya ce mini zan zauna in rubuta darasi a kan doka, wallahi dariya zan yi masa. Kwalbar turare ce ta jefa ni cikin maganar nan.

Yayata tana haɗa turaren wuta da humra a gida, shekararta shida tana yi. Da ribar turaren nan aka biya mini kuɗin rajista tun ranar da na shigo makarantar nan, har kuɗin handawut da na mota. Ta raɗa wa kayanta suna, ta biya wani yaro ya zana mata sitika mai ruwan goro da ratsin zinari, har ta kai mata suna aiko yara da tsohuwar kwalba su ce "irin wannan aka ce a ba ni." Bara, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, lokacin da odar amare ta fi yawa, sai ga wata tsohuwar kwastomarta har gida da faɗa, wai turaren ya lalace, ba abin da yake yi sai ƙauri. Da muka karɓi kwalbar muka duba, kala ɗaya, zane ɗaya, harafi ɗaya tak aka canza a sunan, sai lambar waya wadda ba tamu ba.

Na ce, "Yaya, ba kin ce kin yi rajista ba?"

Ta ce, "Na yi mana, Auta. Ga satifiket ɗin can a jikin bango."

Muka ciro shi daga firem muka kai wa wani lauya. Yana dubawa ya ce, "Hajiya, wannan ai rajistar sunan kasuwanci ce ta CAC. Ta nuna hukuma ta san da sana'arki, amma ba ita ce rajistar tambari ba." Ya ce ko ba rajista ana iya kai ƙara, in za ta tabbatar wa kotu cewa an san ta da sunan kuma ana yaudarar masu saye da shi, sai dai kuɗin shari'ar zai iya cinye jarinta kaf. Muka dawo gida jiki a sanyaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haushin abin ya sa na ɗauki batun a matsayin firojet ɗina. Da na fara neman abin karantawa, sai na lura rubuce-rubucen da suka fi yi mini amfani kundayen ɗaliban digiri na biyu ne, kuma a shafin godiya sai ka ga ɗalibi yana gode wa wani ofishin rajista ko wata hukumar duniya da ta ɗauki nauyin karatunsa. Na tambayi kaina, me ya haɗa ofishin rajista da karatun ɗalibi? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu. Amma sai mun fara sanin abin da ake bincike a kansa.

Tambari daban, zane daban

Tambarin kasuwanci shi ne duk alamar da ke gaya wa mai saye daga hannun wa kaya ya fito: suna, hoto, haruffa, ko haɗinsu. A Najeriya dokar da ke kula da shi ta 1965 ce, kuma an gina ta ne a kan dokar Ingila ta 1938. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ana fara bincikawa ko wani ya riga ka, sai a shigar da takarda, in an karɓa a buga tambarin a mujallar ofishin, a ba jama'a wata biyu ko akwai mai ja. In ba a samu ba, a ba ka satifiket. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabunta ta duk shekara 14, ba iyaka.

Ba a yi wa suna rajista a kan komai da komai. Akwai tsarin duniya da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957, wanda a yau ya kasa kaya da ayyuka zuwa aji 45: 34 na kaya, 11 na ayyuka. Turare yana aji na 3, yadi da atamfa na 24, tufafi da takalma na 25, yaji da kayan ƙamshin girki na 30. Sannan ba a ba ka kalmar da kowa ke buƙata don bayyana kayansa. Ba za ka ce "Turare Mai Ƙamshi" naka ne kai kaɗai ba, don kowane turare ƙamshi ake nema a jikinsa.

Zanen kaya kuwa fasalin abu ne kamar yadda ido ke ganinsa: tsarin layuka da kaloli a jikin atamfa, siffar kwalba, ƙirar kujera, yankan takalmi. Dokarsa ta 1970 ce, ita ce kuma ke kula da sababbin ƙirƙire-ƙirƙire. Kariyar zane shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimilla shekara 15, daga nan ya zama na kowa. Sharuɗɗa biyu nake so 'yan sashen zane, ɗinki da injiniyanci su riƙe. Na farko, siffar da aka yi don aikin inji kawai, ba don gani ba, ba ta shiga nan. Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane, dole zanen ya zama sabo a ranar da ka shigar da takarda. In ka riga ka sayar da shi a kasuwa ko ka baza hotonsa a Facebook da Instagram, to ka kashe sabuntarsa da hannunka. Rangwamen da doka ta yi shi ne na wanda ya nuna zanensa a baje kolin da hukuma ta amince da shi, shi ma cikin wata shida kafin ya shigar da takarda.

Me ya kawo jami'a cikin maganar?

Duk shari'ar tambari tana komawa ne ga tambaya ɗaya: shin mai saye zai ruɗe ya ɗauki wannan a matsayin wancan? Wannan tambaya ba a littafin doka kaɗai amsarta take ba, a kasuwa take. Wa ke saye? Yana karanta suna ne ko kala yake kallo? Da rana yake saye a shago ko da dare a gaban mai tebur? Alƙali ba zai bar kujerarsa ya je ya ƙirga ba. Ma'aikacin ofishin rajista kuma takardu sun yi masa yawa. Wanda ke da lokacin zama shekara ɗaya ko uku a kan tambaya ɗaya shi ne ɗalibin digiri na biyu ko na uku.

Ga misali daga gida. A 2004 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Ferodo da kamfanin Ibeto, masu sayar da kayan birkin mota. Ferodo ya yi ƙorafin cewa an kwaikwayi kwalinsa mai ja da baƙi da fari. Kotu ba ta ba shi gaskiya ba, ta ɗauki sunan a matsayin ainihin tambarin, kalolin kwali kuwa ado ne. A 2023 aka sa hannu kan dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta gyara ma'anar tambari ya haɗa da siffar kaya, mazubinsu da haɗin kaloli, ta kuma shigar da ayyuka a fili. To yanzu in irin waccan shari'ar ta dawo, yaya za ta kaya? Wane irin shaida za a nema? Ka ga aikin mai bincike ke nan.

Shi ya sa ɓangarorin biyu ke neman juna. Ofishin rajista yana da takardun dubban shari'o'i, da ƙwararrun ma'aikata, da kuɗi. Jami'a tana da ɗalibai, da malaman da za su duba aiki, da ikon ba da digiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka duba irin wannan haɗin gwiwa a ko'ina, abu huɗu za ka gani: biya wa ɗalibi kuɗin karatu, turo ma'aikatan ofis su koyar a aji, buɗe wa ɗalibi rumbun bayanai, da ɗaukarsa horon aiki, irin SIWES ɗinmu amma na manya.

Yadda Turawa suka tsara nasu

Tarayyar Turai tana da ofishi ɗaya mai suna EUIPO a birnin Alikante na ƙasar Sifaniya. An kafa shi a 1994, ya fara karɓar rajistar tambari a 1996, ta zane kuma a 2003, sunan da yake amsawa yanzu kuwa a 2016 ya same shi. Takarda ɗaya a can tana kare tambarinka a ƙasashe 27, na shekara 10, ana sabuntawa. Zane kuma yana iya kaiwa shekara 25. Da kuɗin rajistar da mutane ke biya ofishin yake tafiyar da kansa, daga ciki kuma yake kashewa a kan ilimi.

Babban shirinsu da jami'o'i shi ne wanda suke kira Pan-European Seal, wanda suke yi tare da ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da ke Munik a Jamus. Jami'o'i sama da 100 ne a ciki. Jami'a ce ke tace ɗalibanta masu hazaƙa ta miƙa sunayensu, ofis ya zaɓa, ɗalibi ya yi shekara guda yana aiki ana biyansa alawus. Ba 'yan shari'a kaɗai ba, har masu tattalin arziki, kwamfuta, injiniyanci da harsuna. Wanda ya shekara yana ganin yadda ake karɓa ko ƙin karɓar tambari, in ya zauna rubuta kundi ba labarin ƙanzon kurege zai kawo ba.

Suna kuma sa kuɗi a bincike don su samu hujjar da za su tunkari 'yan siyasa da ita. Rahoton da EUIPO da ƙungiyar OECD suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a 2016 jabun kaya sun kai kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kimanin dala biliyan 509. Da irin wannan lissafi ake canza doka, ake ƙara wa kwastan ƙarfi.

Amma fa mu faɗi gaskiya. Wannan shiri don ɗaliban jami'o'in da ke cikinsa aka yi shi, kuma galibinsu na Turai ne. Sannan wanda ya biya kuɗin bincike, damuwarsa ake fara dubawa. Damuwar Turai ita ce manyan kamfanoninta da ake kwaikwayon kayansu. Ba wanda zai zauna a Alikante yana tunanin sitikar Yayata, kuma ban ga laifinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙofofin da suka fi kusa da mu

Hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, WIPO, tana birnin Janeba a Suwizalan, kuma reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1974. A 1998 ta kafa makarantarta ta horarwa, wadda ke haɗa hannu da jami'o'i a yi digiri na biyu tare. Akwai na Jami'ar Turin a Italiya. A nahiyarmu kuma akwai uku da ya kamata mu sani.

Na farko yana Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe, an fara shi a 2008 tsakanin jami'ar, WIPO da ARIPO. Na biyu yana Jami'ar Yawunde ta Biyu a Kamaru, tun 2010, tare da OAPI, da Faransanci ake koyarwa. Na uku yana Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Gana, tun 2018, shi ma da ARIPO. Tsarin na Mutare ya burge ni: a fara da karatu ta intanet kana gida, sai a je a zauna a jami'a a yi lakca gaba da gaba, sai a ƙare da kundin bincike. WIPO, ARIPO da gwamnatin Japan suna ba da tallafin karatu ga wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka. Kuma ba lauyoyi kaɗai ake ɗauka ba, ana ɗaukar masu digiri daga wasu fannoni.

Su wane ne ARIPO da OAPI? Ofisoshin rajista ne na haɗaka. ARIPO tana Harare, an kafa ta da yarjejeniyar Lusaka ta 1976, ƙasashe sama da 20 ne a ciki, har da Gana da Sudan. OAPI tana Yawunde, tana aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977, ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru da Cadi, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a dukkansu. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Ba ta kuma cikin tsarin Madrid, wanda ke ba mutum damar neman kariyar tambari a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya.

Ku tsaya ku auna abin da wannan ke nufi. Ɗan kasuwar Kano da ke loda kaya zuwa Maraɗi, satifiket ɗinsa na Abuja yana ƙarewa ne a kan iyakar Jibiya. Yana tsallakawa, wata doka ce, wani ofishi ne, wani harshe ne. Abokin cinikinsa na Maraɗi kuwa da takarda ɗaya ya samu kariya daga Yamai har Dakar da Duwala. Mutanen nan biyu Hausa ɗaya suke yi, wataƙila ma surukan juna ne, amma doka ta raba su.

Tambayoyin da ke jiran mai bincike

A nan ne na ga muna da abin da wasu ba su da shi. Ga kaɗan daga tambayoyin da na ci karo da su ina firojet.

Ta farko, mai saye da ba ya karanta boko. Na ajiye kwalbar Yaya da ta jabu a gaban matan gidanmu da maƙwabta, na ce su nuna mini ta gaske. Ba wadda ta tsaya duba harafi, kala suka kalla. A kasuwanninmu sau nawa ka ji an ce "ba ni mai zakara" ko "mai jan murfi"? In haka ne, gwajin ruɗewa da aka gada daga Ingila yana auna mai sayenmu daidai kuwa? Kuma yaya za a yi da sunan da aka rubuta da ajami, ko kalmar Hausa da ma'aikacin rajista bai san ma'anarta ba?

Ta biyu, atamfa. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya san zane yana fitowa, kafin wani lokaci kwafinsa mai arha ya cika kasuwa. Sannan mata ne ke raɗa wa atamfa sunan da take ci da shi, ba kamfani ba. To wannan suna na wa ne?

Ta uku, zanen da muka gada. Aska takwas a jikin babbar riga, ɗinkin hula, rinin Ƙofar Mata, aikin dukawa a jikin fata. Dokar zane tana neman sabon abu mai mai shi guda. Waɗannan kuwa tsofaffi ne, kuma na al'umma ne. In wani kamfani a waje ya ɗauka ya buga a yadi, wace doka za a kama?

Ta huɗu, kayan da sunan gari ke sayar da su. A 2013 OAPI ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista a matsayin kayan da ke da alaƙa da yankinsu. Daga baya Nijar ta samu irin wannan rajista a kan kilishinta da albasar Galmi. Habasha kuwa ta bi ta hanyar tambari ne a kan sunayen kofinta, Sidamo, Harar da Yirgacefe, ta yi ta ja da kamfanin Starbucks har suka sasanta a 2007. Hanya biyu ke nan. Wacce ta fi dacewa da kilishinmu, ko jar fatar Sakkwato? Wannan ma kundi ne guda.

Duk tambayoyin nan, wanda ya taso a kasuwa, ya san harshen, ya san yadda ake ciniki, ya riga ya yi rabin aikin. Abin da ya rage masa horo ne da mai duba masa aiki, su ne kuma abin da haɗin gwiwar nan ke bayarwa.

To ɗan foli fa, ina hanyarsa?

Kar in yi muku daɗin baki, hanyar tana da tsawo. Bayan ƙaramar difloma akwai shekarar horon aiki, sai babbar difloma, sai bautar ƙasa. Jami'o'inmu da yawa suna neman mai babbar difloma ya fara yin diflomar gaba da digiri kafin su ɗauke shi digiri na biyu. Shirye-shiryen da na lissafa digiri suke nema, wasu har da gogewar aiki, kuma guraben tallafi kaɗan ne, masu nema daga ƙasashe da yawa. Duk mai sha'awa ya karanta sharuɗɗan shekarar da zai nema da idonsa a shafin WIPO ko na jami'ar, kar ya dogara da ji-ta-ji-ta, kar kuma ya ba wani ɗan tsakiya kuɗi wai zai samo masa gurbi. Amma akwai abin da za ka fara tun kana nan.

Na ɗaya, makarantar WIPO tana da kwas na share fage ta intanet mai lamba DL-101. Kyauta ne, data kawai za ka saya, in ka ci jarrabawa a ba ka satifiket. Na yi shi a waya lokacin hutu, tsakanin cajin da ake samu da wanda ba a samu.

Na biyu, ka zaɓi firojet da zai iya girma. Maimakon ka kwafo tsohon aikin da aka yi sau goma a sashenku, ɗauki layi ɗaya a kasuwar garinku ka tambayi masu sana'a: wa ya yi rajista, wacce iri, wa aka taɓa kwaikwaya, me ya yi a kai? Ranar da za ka nemi gurbin karatu za a ce ka rubuta abin da kake son bincikawa. Wanda ya taɓa zuwa fili ba ya rasa abin faɗa.

Na uku, ka koyi duba rumbun tambura. WIPO tana da nata, EUIPO ma tana da wanda ake kira TMview, duka kyauta ne a intanet. Ba su maye gurbin binciken ofishin Abuja ba, amma za su koya maka yadda ake kallon tambari da idon ma'aikaci.

Na huɗu, ku masu zane da ƙira, kafin ranar baje kolin firojet ku tambayi malamin da ke duba aikinku, shin akwai abin da ya cancanci rajista a nan? Doka tana ba wanda ya fara shigar da takarda ne. Haka kuma zanen da aka yi a bakin aiki ko a kan kwangila, na mai aikin ne in ba a yi wata yarjejeniya ba. In ku biyar ne a gurup, ku rubuta wa ya yi me tun ana shiri. Rigakafi ya fi magani.

Na biyar, hukumar NOTAP ta kafa ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama tun daga 2006, WIPO ma ta buɗe ofishi a Abuja a 2020. Mu tambayi hukumar makaranta wa ke kula da wannan a nan, ina ofishinsa. Waɗanda kuma Allah zai sa su dawo koyarwa, TETFund tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman foli. Sannan mai iko ya fara koyon Faransanci, don Yawunde da Yamai ba su da nisa da mu.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai: ranar 26 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar mallakar fasaha ta duniya. Me zai hana a gayyato lauya ɗaya da ɗan kasuwa ɗaya su zauna da mu a babban ɗakin taro? Kujeru muna da su, abin da za a kashe bai wuce na ruwa da lasifika ba.

Labarin Yaya kuwa, ba ta kai ƙara ba. Ta haƙura da sunan da ta yi shekara shida tana ginawa, ta ƙirƙiro wani sabo wanda ba kalmar kowa ba ce, ta canza kwalba, ta shigar da takarda a aji na 3, yanzu muna jiran a buga a mujalla. Wasu kwastomomin sun biyo ta, wasu har yau tsohuwar kala suke nema a kasuwa, suna saya wa mai jabu shinkafa. Kuɗin rajistata ta wannan zangon ma sai da ta sayar da awarwaronta aka cika.

Ranar da na kai mata firojet ɗina da aka ɗaure da baƙin bango, ta juya shi ta ce, "Auta, duk wannan a kan kwalbata?" Na ce, "Yaya, ai wannan somin-taɓi ne, akwai inda ake ba da digiri a kan irinsa." Ta ce, "To ka je ka yi, amma ka dawo ka yi wa matan unguwar nan bayani da Hausa." Na yi mata alkawari, kuma da ku na fara. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya.